Likitan nan mai dogara sanda da fim ɗin Thor ya ɓoye

Yaran Tasawa da Mayahi sun san Thor mai guduma ta gidan kallo da waya. Amma a littafin zane na Marvel na 1962, Thor likita ne gurgu mai suna Donald Blake. In ya buga sandarsa a ƙasa, ita ce ke zama guduma. Da aka yi fim a 2011 sai aka cire gurgun, aka bar mana ƙaton. Ni dai ina ganin an yi wa yaranmu rowa.

To, a nan gida fa, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa zai iya karatun likita? Ƙwarai kuwa. Ya samu Bak D ko C, ya nemi sashen lafiya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi ko Abdou Moumouni a Yamai. Shekara bakwai ne ko fiye. Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008.

Wuya akwai ta: matakala, gadin dare a asibiti, doguwar tsayuwa ɗakin tiyata. Sai dai ba kowane likita ke fiɗa ba. Duba ido, karanta hoton ƙirji, kula da masu taɓin hankali, yawanci a zaune ake yi.

Abin da ya fi tsayar da yaran ƙauye ma tun wuri yake: nisan kolej. Kafin maganar Yamai, iyaye, a fara da keken guragu da gidan da zai riƙe yaro a gari.