Motsin Jariri: Wanda Ake Haihuwarsa da Shi da Wanda Ke Maye Gurbinsa

Gabatarwa

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomi game da matakan girman yaro. Akan ce wuyansa ya tsaya, ya fara zama, yana jan ciki, yana rarrafe, yana dafa bango, yana tatata, har ya zuwa ranar da za a ce ƙafarsa ta yi ƙwari. Duk waɗannan kuwa sunaye ne na abin da yaro ya samu. Akwai wasu motse-motse da ake haihuwarsa da su, waɗanda tilas ne ya rabu da su kafin ya kai ga waɗancan matakai, amma ba su da tsayayyun sunaye a bakin jama'a, ko da yake babu ungozomar da ba ta san su da ido ba. Wannan maƙala za ta kira su "motsin asali", ta kuma kira waɗanda ke biyo bayansu "motsin daidaita jiki". Manufarta ita ce ta nuna cewa ɓacewar na farko a kan kari shaida ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar yadda bayyanar na biyu take.

Motsin Asali

Motsin asali shi ne wanda jikin jariri ke yi da kansa idan an taɓa shi ko an sauya masa kwanciya, ba tare da ya yi niyya ba. Umurninsa yana fitowa ne daga laka da kuma gindin ƙwaƙwalwa, watau sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, kuma tun yaro yana ciki yake somawa. Alal misali, idan aka shafi gefen bakin jariri sai ya juyo da kai ta wannan wajen yana laluben nono. Idan aka sa masa yatsa a tafin hannu sai ya damƙe. Na farkon yakan gushe wajen wata 4, na biyun tsakanin wata 4 da 6.

Wanda ya fi shahara shi ne wanda iyaye mata ke kira firgita ko zabura. Idan kan jariri ya ɗan sulluɓe baya ba zato, sai ya watsa hannuwa gefe da gefe, ya buɗe yatsu, sa'an nan ya maido su kamar mai son rungumar wani, sau da yawa har da kuka. Wani likitan yara mai suna Ernst Moro ne ya bayyana shi a Haidalbag ta ƙasar Jamus a 1918, don haka likitoci ke kiransa da sunansa. Bai kamata ya wuce wata 6 ba.

Akwai kuma motsin wuya. Jaririn da ke rigingine, idan ya juya fuska dama, sai hannun dama ya miƙe, na hagu ya lanƙwashe, sai ka ce maharbi ya ɗana baka. Wannan motsi ya isa misali na dalilin da ya sa motsin asali ba ya zama. Muddin kai ne ke yi wa hannuwa umurni, yaro ba zai iya haɗa hannu biyu a gabansa ya riƙi abu ya dube shi ba, ba kuma zai iya birkicewa daga rigingine zuwa rub-da-ciki ba, don kuwa hannun da ya miƙe ya tokare shi. Haka nan wanda hannunsa ke damƙewa da kansa bai iya saki ba, wanda bai iya saki ba kuwa bai iya ɗauka ba. Yayin da saman ƙwaƙwalwa ke nuna, sai ya danne waɗannan motse-motse. Dannewa ce, ba shafewa ba, domin akan ga damƙar nan ta dawo ga tsohon da ciwo ya taɓa masa gaban ƙwaƙwalwa.

Sai dai ba kowace ɓacewa ce ke da wannan dalili ba. Idan aka riƙe sabon haihuwa tsaye, ƙafafunsa na taɓa ƙasa, zai riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya, amma wajen wata 2 sai abin ya ɗauke. An daɗe ana cewa ƙwaƙwalwa ce ta danne shi, sai a 1984 Esther Thelen da abokan aikinta a Amurka suka tsoma ƙafafun jarirai cikin ruwa, takun ya ƙaru, suka ɗaura musu ɗan nauyi, ya ragu. Ashe ƙiba ce ke riga ƙarfin ƙafa zuwa.

Motsin Daidaita Jiki

Shi wannan ba a haihuwar yaro da shi, kuma idan ya zo ya zo ke nan. Rudolf Magnus na Jami'ar Utarek ta ƙasar Holan, wanda ya wallafa sakamakon bincikensa a kan dabbobi a 1924, yana cikin waɗanda suka share fagen fahimtarsa. Yana somawa da miƙe kai: ko ta ina aka karkata yaro, sai ya yi ƙoƙarin maido da kansa tsaye. Wajen wata 3 zuwa 4, idan aka tallafe shi a cikinsa aka ɗaga, zai ɗago kai ya banƙare baya, maimakon ya langaɓe kamar tsumma.

Daga nan sai motsin kare kai. Yaro ɗan wata 6 ko 7 da ke zaune, idan aka ɗan ture shi gefe, sai ya kai hannu ya dafa ƙasa. Tsakanin wata 6 da 9, idan aka riƙe shi aka sunkuyar da shi ƙasa da sauri, sai ya miƙa hannu biyu gaba don ya tare fuskarsa. Dafawa ta baya ita ke zuwa daga ƙarshe, shi ya sa mai koyon zama ya fi faɗuwa ta ƙeya. Babban da ya yi tuntuɓe ya kai hannu ƙasa, wannan motsi ne na ƙuruciya yake yi masa aiki.

A nan ne al'ada ke da ta cewa. Yaron da aka goya da zane da majanyi yana wuni a tsaye a bayan uwarsa, duk sunkuyawarta wajen daka ko shara tana neman ya gyara kansa da gangar jikinsa. Bugu da ƙari, akan zaunar da shi da gangan, a kewaye shi da tsummoki ko matasai. A 1976 Charles Super ya nuna cewa 'ya'yan Kifsigis na ƙasar Kenya, waɗanda iyayensu ke koya musu zama da tafiya, sun riga 'ya'yan Amurka zama da tafiya da kimanin wata guda, amma ba su riga su rarrafe ba, wanda ba a koya musu. Watau horo yana gaggauta abin da aka hori yaro a kansa ne kurum.

Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi. Gaskiya ne ga mafi yawa, amma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, kan yara 816 daga Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ya sami kimanin kashi 4 cikin 100 da ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba, suka tashi lafiya lau. Binciken ya kuma nuna faɗin lokacin: zama ba tallafi daga wajen wata 4 zuwa 9, tafiya daga wajen wata 8 zuwa kusan 18. Saboda haka gwada ɗan wani da ɗan maƙwabta ba ma'auni ba ne.

Inda Ake Neman Likita

Abin da ke sa likita ya tsaya ya duba da kyau shi ne motsin asali ya ƙi tafiya, na daidaita jiki kuma ya ƙi zuwa. Yaron da ya wuce wata 6 yana firgitar Moro, ko hannunsa kullum a dunƙule, ko kuwa idan fuskarsa ta juya ba ya iya kuɓuta daga ɗana bakan nan, yana iya kasancewa da lahanin ƙwaƙwalwa mai sandarar da gaɓoɓi. Wannan dabam yake da shan inna, wadda ƙwayar cuta ke kawowa ta saki ƙafa. Daga cikin musabbabansa a ƙasar Hausa akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi da wuri, da shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau. Gano shi da wuri yana ba da damar a soma motsa gaɓoɓin kafin su ƙage.

Rashin daidaito ma alama ce. Idan sabon haihuwa ya firgita hannu ɗaya kaɗai ya watsu, mai yiwuwa ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye wajen haihuwa, ko jijiyoyin kafaɗar sun jawu. Shi kuwa bakwaini, ba daga ranar haihuwa ake yi masa lissafi ba, daga ranar da ya kamata a haife shi ne. Wanda ya zo da saura wata 2, idan ya cika wata 6 da ma'aunin ɗan wata 4 za a auna shi.