Tsohuwar laftof ɗin Yaya ba ta mutu ba

A gidaje da dama, daga Karakkai zuwa Bunguɗu, Tsafe da Gusau, akwai tsohuwar laftof da aka tura ƙarƙashin gado saboda nawa: a kunna ta, a sha koko a gama, ba ta buɗe ba. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, manhajar da ke tafiyar da shi ce ta fi ƙarfinsa. Ga shi tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ba ta hawa yawancin tsofaffin kwamfutoci.

Mu dai muna ganin mafita ita ce Linux. Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991 yana shekara 21, kuma kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya raba, ba ko sisi. Wayar Android ma a kanta aka gina ta.

Linux kala-kala ce. Ga tsohon inji mun fi son Linux Mint samfurin Xfce, wadda RAM 2GB ke ɗauka. Fayil ɗinta ya kusa 3GB, data kuwa ba arha, don haka mutum ɗaya ya sauke, ya zuba a filasha mai 8GB da manhajar Rufus, sauran 'yan aji su ara. A soka filashar, a kunna laftof, a yi ta danna F12 idan Dell ce, F9 idan HP.

Nan ake son natsuwa. Mint za ta buɗe daga filashar ba tare da ta taɓa komai ba. Ku gwada sauti, madannai da Wi-Fi tukuna. Amma da zarar kun zaɓi a goge faifai, hotunan bikin Anti da takardun Yaya sun tafi ke nan. Ku nemi izinin mai ita, ku kwashe komai zuwa wata filasha, batir kuma ya cika kafin NEPA ta yi halinta.

Wasu manhajojin gwajin JAMB na Windows ne kawai, ba za su hau kai tsaye ba. Sai dai tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar, kuma wanda hannunsa ya saba da linzami da madannai a gida ba zai ɓata minti goma yana neman harafi ba. Mint tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, Kiwix kuma na ba ku damar karanta Wikipedia ta Hausa ko babu sabis.