Kafa biyu kacal: yadda mahaɗar USB ta kusa cinye mini bidiyon biki

A bara na sayi MacBook Air a nan Landan. Sai da na isa gida na lura kafofin USB-C biyu ne kacal a jikinta, tsohon fulash ɗina ma ba inda zai shiga. Na sayo 'yar mahaɗa mai arha mai kafa huɗu, na jona linzami da fulash da faifan ajiyar da ke ɗauke da bidiyon bikin ƙanwata a Zariya. Ana tsakiyar kwafa, faifan ya ɗauke. Wallahi gabana ya faɗi, don ba ni da wani kwafin.

Ashe wuta ce ta yi kaɗan. Mahaɗar da ba ta da caja tata, wutar kafa ɗaya take raba wa kowa, faifai mai juyawa kuwa ci gare shi. Da na canza zuwa wadda ake jonawa a soket, bidiyon ya dawo lafiya.

Masu aika laftof gida kuma, a duba kafin a haɗa da adaftar HDMI: ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto zuwa talabijin ba.