Na'urar Shaƙar Maganin Asma Ga Ƙananan Yara

Na'urar fesa maganin asma da ake riƙewa a hannu ta fara fitowa kasuwa a Amurka a 1956, daga kamfanin Riker. Tana buƙatar mara lafiya ya danna kan gwangwanin daidai lokacin da ya fara jan numfashi, sannan ya riƙe numfashin na ɗan lokaci. Manya da dama ma kan kasa haɗa waɗannan biyu, balle yaro ɗan shekara uku da ƙirjinsa ya toshe. Nau'in da ke ɗauke da garin magani kuwa sai an ja numfashi da ƙarfi, don haka ba kasafai ake ba 'yan ƙasa da shekara biyar shi ba.

Mafitar da masu ƙira suka samo ita ce bututu mai faɗi da ake haɗawa da bakin na'urar. Maganin yakan tsaya a cikinsa kamar hazo, yaro ya shaƙe shi da numfashi huɗu ko biyar. Ga jarirai ana ƙara marufi mai taushi da ke rufe hanci da baki. Dole marufin ya zauna daram, domin 'yar ƙaramar kafa tana zubar da mafi yawan maganin. Yaron da ke kuka ma magani kaɗan ne ke isa huhunsa, shi ya sa a Ostireliya aka ƙera bututun Funhaler, mai usur da faifan da ke juyawa idan yaro ya yi numfashi daidai.

Tsadar bututun matsala ce babba. A Afirka ta Kudu, binciken Heather Zar a birnin Cape Town ya nuna gorar roba mai mililita 500, idan an huda gindinta an saka na'urar, tana aiki kusan daidai da bututun kanti.