Yadda ake tsabtace kayan kunu da ruwan jabel

A Gaffati, cikin gundumar Mirriya, mata da yawa suna yin kunun zaƙi, da zoɓo, da ruwan tsamiya. Wani na shan gida ne, wani na saidawa. Ƴan mata suna kai shi kasuwa, ko bakin makaranta, ko gona lokacin noma. Sana'a ce mai kyau. Amma bokiti guda maras tsabta yana iya kwantar da mutane da yawa.

Daga ina cuta take shiga?

In an dafa kunu, wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Bayan ya huce, sai a tace shi, a zuba cikin bokiti, a ɗura cikin gorunan roba. A nan ne cuta take shiga. Ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna ɓuya cikin sauran kunun jiya da ya manne a gindin gora. Gero da sukari abincinsu ne, zafin rana kuma yana sa su yawaita. Su ne suke kawo zawo, da taifot, da kwalara. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutane fiye da 5000 a Nijar, har da jihar Damagaram.

Mene ne jabel?

Jabel ruwa ne mai ƙarfin wari da ake saidawa a kanti. An fara yin shi a Faransa fiye da shekara 200 da suka wuce, a wani wuri mai suna Javel kusa da Paris. A cikinsa akwai sinadarin kulorin, shi ne yake kashe ƙwayoyin cuta. Sabuni yana cire dauɗa, jabel yana kashe abin da ya rage. Ɗaya ba ya yin aikin ɗaya. In aka zuba jabel a kan dauɗa, ƙarfinsa yana ƙarewa a banza.

Ga yadda ake yi:

1. A wanke hannu da sabuni.
2. A wanke bokiti, da goruna, da murafensu da sabuni, a goge ciki sosai.
3. A ɗauraye har kumfa ta ƙare.
4. A zuba jabel babban cokali 1 cikin ruwan sanyi lita 4. In bokitin lita 20 ne, cokali 5 ke nan.
5. A tsoma kayan, ruwan ya rufe su, a bar su minti 5.
6. A fid da su, a kife su bisa wuri mai tsabta, ba a ƙasa ba. A bar su su bushe da kansu. Kada a goge da tsumma.

In babu lokacin jira, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan jabel da aka haɗa na yini guda ne, gobe a haɗa sabo. A sayi jabel maras turare. Garin kulorin fari da ake saidawa a leda ya fi ƙarfi nesa. Kafin a taɓa shi, a tambayi ma'aikacin lafiya awonsa.

Ba kowane kaya yake son jabel ba

Ƙwarya, da ludayi, da muciya suna shan ruwa, warin jabel yana zama cikinsu. A wanke su da sabuni, a kwara musu tafasasshen ruwa, a shanya a rana. Ƙyallen tata, a tafasa shi cikin tukunya. Jabel yana cin ƙarfe, saboda haka kada a jiƙa tukunyar ƙarfe a cikinsa. Jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur, babu wankin da zai gyara ta. Kada a zuba abin sha a cikinta.

A kula ƙwarai

Jabel ba ya haɗuwa da komi sai ruwan sanyi. In ya gamu da abu mai tsami, kamar tsamiya, ko lemun tsami, ko ruwan batir, ko maganin wanke masai, yana fid da iska mai guba. Iskar tana ƙona ido da huhu. A yi aikin a tsakar gida, inda iska take kaɗawa.

A ajiye jabel cikin kwalbarsa, a inuwa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Kada a juye shi cikin gorar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. A kurkure masa baki, a ba shi ruwa kaɗan, a kai shi asibiti maza, tare da kwalbar. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15.

Ruwan da za a dama kunu da shi ma ya zama mai tsabta. A tafasa shi, ko a sa ƙwayar Aquatabs bisa awon da aka rubuta a takardarta, a jira minti 30.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa masu sana'ar kunu na unguwarsu wannan bayani. Awon kuma a riƙe shi da ka: cokali 1, ruwa lita 4, minti 5.