Lissafi ko Ilimin Kwamfuta: Shawara ga Ɗaliban Birnin Gwari

Kowace shekara, idan lokacin cike takardar JAMB ya kama, ɗalibin kimiyya a Birnin Gwari wanda Allah ya hore wa basirar lissafi yakan sami kansa tsakanin shawarwari biyu masu karo da juna: abokansa suna zuga shi ya nemi ilimin kwamfuta domin wai a can arziki yake, malaminsa kuwa, da yake ya ga yadda yaron ke warware mas'ala, yana kwaɗaita masa lissafi zalla. Su kuma iyaye, waɗanda galibinsu manoma ne da 'yan kasuwa, tambayarsu ɗaya ce, wato wanne ne zai fi saurin kawo abin sakawa a bakin salati.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, fannonin nan biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke. A jami'o'i da yawa na ƙasar nan, a cikin sashen lissafi aka fara koyar da ilimin kwamfuta kafin a raba musu gida. Kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, cibiyar kwamfuta tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar ne, shehin malamin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin karatu wanda ya ware fannonin kwamfuta a rukuninsu na kansu, har da tsaron intanet da ƙirar manhaja da nazarin bayanai.

Bambancin kuwa yana ga irin wahalar da kowanne ke ɗora wa mai nemansa. Ɗalibin lissafi zai shafe shekara huɗu yana koyon kafa hujja, ta yadda ba ya karɓar wata magana, kome kyawunta, sai ya tabbatar da ita mataki bayan mataki, kuma yakan kwana a kan mas'ala guda ba tare da ya ga ƙarshenta ba. Ɗalibin kwamfuta shi kuma zai koyi tsara umarni ga na'ura wadda ba ta san uzuri ba, yana rubutawa, tana ƙi, yana gyarawa, har abin ya tashi. Amma fa duk wanda ya zaɓi kwamfuta domin gudun lissafi ya yaudari kansa, gama zai tarar da aljabara da mantiƙi da ƙididdiga suna jiransa tun shekarar farko.

Mai son lissafi kuma ya sani cewa hisabi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman fara'id sun daɗe suna raba gado da rabi da rubu'i da sudusi da sumuni, kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan murabba'an lambobi wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau.

Sai dai ɗan Birnin Gwari yana da wani ma'auni da ɗan garin Kaduna bai cika damuwa da shi ba. A ƙarshen Satumban 2021, saboda ta'addancin 'yan bindiga da ke fakewa a dazuka, aka katse layukan waya a yankin har kusan wata biyu. Ga kuma ƙarancin wutar lantarki da tsadar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ilimin kwamfuta ba ya yiwuwa sai da ita, alhali lissafi littafi da alƙalami sun ishe shi a yawancin darussansa. Wannan ba dalili ba ne na barin abin da zuciya ke so, illa dai wajibi ne a yi lissafinsa tun kafin a shiga, don kada a kai tsakiyar karatu a rasa kayan aiki.

Ta fuskar amfani kuwa, ƙasar tana bukatar dukansu biyu. Sa ido a kan daji mai faɗi irin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam, aiki ne da ke neman mai rubuta manhaja da kuma mai ƙididdigar da za ta fassara abin da hoton ya nuna. Makarantu kuma ba za su fitar da ko ɗaya daga cikinsu ba sai da ƙwararren malamin lissafi.

Saboda haka ɗalibi ya jarraba kansa tun yana sakandare. Idan daɗinsa yana ga sanin dalilin da ya sa ƙa'ida ta zama gaskiya, to ya ɗauki lissafi, ya haɗa da koyon harshen kwamfuta guda, kamar Python, domin ƙofar banki da bincike da nazarin bayanai ta buɗe masa. Idan kuwa burinsa ya ƙera abin da mutane za su yi aiki da shi, ya ɗauki kwamfuta, amma ya riƙe darussan lissafinta da hannu biyu, domin harsunan na'ura suna sauyawa cikin 'yan shekaru, ƙa'idojin da aka gina su a kai kuwa ba sa tsufa.