Harajin Sayayyar Intanet a Turai: Wa Ya Ji a Jikinsa?

Kafin 1 ga Yuli, 2021, duk ƙunshin kayan da aka sayo ta intanet daga wajen Tarayyar Turai yana shiga ba tare da harajin VAT ba, muddin kuɗinsa bai haura yuro 22 ba. Wasu masu sayarwa suka mayar da wannan kafa hanya: kaya mai tsada, sai a rubuta masa ɗan ƙaramin farashi a jikin kwali. Shi kuwa mai shago a Jamus tilas ya ɗora kashi 19 cikin ɗari, na Hungary har kashi 27. Ina za a haɗa su gasa?

Wannan ne ya sa Tarayyar ta soke rangwamen, ta kuma ɗauke karɓar harajin daga bakin iyaka ta kai shi wurin biyan kuɗi. A sabon tsarin da ake kira IOSS, kayan da ba su wuce yuro 150 ba ana cire harajinsu tun lokacin ciniki, gwargwadon adadin da ƙasar mai saye ta yanka, kuma manyan kasuwanni irin su Amazon da AliExpress ke tarawa. Birtaniya ta riga ta yin makamancin haka a Janairun shekarar, da iyakar fam 135.

Gyaran ya dace, amma kwararar kayan ba ta ragu ba. A 2024 irin waɗannan ƙananan ƙunshi kusan biliyan 4.6 suka shiga Tarayyar, fiye da kashi 90 daga Sin. Manyan kasuwannin intanet irin su Temu da Shein suna da akantoci da lauyoyi, harajin bai ko girgiza su ba.

Wanda abin ya fi taɓawa shi ne ƙaramin mai sana'a. Badukun Kano da ke son aika jakar fata kai tsaye ga mai saye a Faransa, sai ya nemi wakili mazaunin Turai kafin ya shiga tsarin, wakilin nan kuma ba kyauta yake aiki ba. In bai yi rajista ba, jakar na isa za a nemi mai saye ya biya haraji, sau da yawa har da ladan masu fiton kaya. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya da wuya ya sake yin oda. Dole baduku ya koma ƙarƙashin manyan kasuwannin nan, su yanki kamasho daga 'yar ribarsa.

A ganina dokar ta cike aljihun gwamnati, ta rage wa mai shagon Turai zafi, amma ta ƙara wa manyan kamfanoni ƙarfi a kan ƙananan masu sana'a.